Tocila Uku don Kwanan Dutse

A wani shago kusa da tashar jirgin Morioka na ji wata tsohuwa ta tanka wa wani magidanci mai riƙe da tocila uku.

"Ɗana, wuta za a ɗauke ne?"

"A'a, Iya. 'Yata Chinatsu ce za su kwana a dutse da 'yan ajinsu na firamare."

"Ka dai rubuta sunanta a kan komai ko? Makaranta ba ta yafe ko safa."

"Ina! Ta hana ni taɓa jakar. An koya musu ɗinki, da kanta ta ɗinka sunan. Har taswirar dutsen ta zana."

"To, me ya rage?"

"Tsoro, Iya. Ba ta taɓa kwana nesa da ni ba."

"Ita ta ce tana tsoro?"

"Wa, ita? Jiya tsare ni ta yi a kicin, wai sai na iya dafa shinkafa yadda aka koya musu, kada yunwa ta kashe ni."

"Ka iya?"

"Caɓewa ta yi."

Tsohuwar ta tuntsire da dariya. "Ba ta tocila ɗaya, ɗana. Biyun nan ka ajiye su a bakin gadonka."