Baba Ya Miƙe Tayoyin

Léa: Alo? Alo, Yaya Yosuwa?

Yosuwa: Alo! Wa ke magana?

Léa: Ni ce, Léa.

Yosuwa: A'a, mutanen Yamai! Ina wuni? Ina gajiyar hanya?

Léa: Gajiya ta bi lahiya, yau kwanana biyar hwa. Yaya Tasawa? Yaya Inna da ƙahwarta?

Yosuwa: Da sauƙi, mun gode Ubangiji. Yaya zahi can?

Léa: Ba a magana. Surayya da yara hwa?

Yosuwa: Duk lahiya lau. Yaya kuka ƙare da likitoci?

Léa: Sun gama da ni jiya. Sun auna baya, sun auna hannu, sun ce in yi gudun Assabar. In na kawo lokacin da ake so, sunana ya shiga, shekarar ga duka ina cikin masu hita waje gasa.

Yosuwa: Madalla. Madalla. To... yaya zahi?

Léa: Ka riga ka tambaye ni zahi. Yaya, keken na kira. Ka sa shi motar sahiyar nan kamar yadda munka yi? Na aika tasha an ce babu kayana.

Yosuwa: Mi? Rezo ba kyau, ban ji ki ba, ƙara hwaɗi.

Léa: Kekena na tseren guragu! Ka sa shi mota?

Yosuwa: Gobe za a sa shi.

Léa: Gobe Alhamis! Sai yaushe zan zauna cikinshi in gwada hilin? Mi ya hana yau?

Yosuwa: Henti bai bushe ba.

Léa: Wane henti?

Yosuwa: Baba ya zo daga Kona ran Assabar da ta wuce, ya kawo hatsi.

Léa: Na ce wane henti, Yaya?

Yosuwa: To ai hanyar ke nan nake bi. Ya shiga ɗakinki ajiye buhu, sai ya ga keken. Kin san bai taɓa dibanshi kusa ba. Ya daɗe tsaye. Sai ya kira ni ya ce, wannan ne abin da yarinyar ga take hawa bisa titin gudron, manyan motoci na wuce ta? Na ce shi ne. Ya ce tayoyin baya duk sun karkace, kuna gani kuna shiru?

Léa: Ba karkacewa sunka yi ba! Haka anka ƙera su, a kwance, don kada ya kihe in na sha kwana!

Yosuwa: Na hwaɗa mishi haka kika ce. Ya ce shi ya shekara talatin da amalanke, bai taɓa ganin taya ta kwanta da lahiya ba.

Léa: Sai anka yi yaya?

Yosuwa: Sai Litinin ina gona, ya ɗora shi bisa amalanke ya kai ma Moctar mai walda.

Léa: Wayyo Allahna.

Yosuwa: Tsaya ki ji...

Léa: Moctar mai ƙyauren gida? Wanda ke yin gadon ƙarhe? Yaya, alminiyom ne! Ba a sa mishi irin waccan wutar!

Yosuwa: Haka shi ma ya gane, amma bayan ya sa. Wurin ya narke, ya hude. Sai ya yanke abin da ya lalace ya sa bututun ƙarhe.

Léa: Ya yanke ina?

Yosuwa: Baya. Inda tayoyin suke. Da ɗan tsakiya.

Léa: Da ɗan tsakiya.

Yosuwa: Yanzu dai tayoyin tsaye suke cak.

Léa: Ƙananan zobban da nike bugu da hannu hwa? Suna nan?

Yosuwa: Alo? Kin yi nisa...

Léa: Kana jina sarai! Zobban!

Yosuwa: Baba ya ce su ke cinye miki hannu. Ya ga safar hannunki duk jini ya bushe ciki. An cire, an sa manya masu santsi, na keken asibiti. An sa majingini, don ya ce ba ki da wurin jingina baya. Da wurin aza ƙahwa.

Léa: Durƙushe nike ciki! Ƙahwahuna naɗe suke ƙarƙashina, wace ƙahwa zan aza? Ka ɗaga shi? Da hannu guda kake ɗaukar shi da.

Yosuwa: Yanzu sai mu biyu.

Léa: Kai kuma kana ina har kwana uku? Tun Litinin! Na kira ka Talata ka ce mini komi lahiya.

Yosuwa: Na rasa ta inda zan hwara.

Léa: Shekara huɗu, Yaya. Kai ke bina da babur da asuba har kilomita goma sha biyar, kai ke riƙe mini agogo. Kai ka san abin da keken ga yake. Ɗaki guda na ce ka kulle!

Yosuwa: In kulle ma Baba ɗaki cikin gidanshi?

Léa: Ba nawa ba ne! Uku ne kaɗai ƙasar ga anka ba mu. Malam Isma'il mai horar da mu shi ya tsaya mini, ya ce a ba 'yar Tasawa, ba ta wasa. An auna ƙuguna anka gyara mazaunin. Mi zan ce mishi?

Yosuwa: Ba a ara miki ɗaya cikin biyun? Na rana guda?

Léa: Na maza ne, su ma Assabar suke gudu. Ko sun ba ni, yawo zan yi ciki kamar ƙwarya cikin masaki. Ko ɗan rauni nike da shi a kahwaɗa sai in yi asarar sakan biyu, bale keken wani.

Yosuwa: In an kai shi Maradi hwa? Akwai masu waldar alminiyom can.

Léa: Guntayen da anka yanke suna ina?

Yosuwa: Moctar ya ba masu zubin tukunya.

Léa: Masu zubin tukunya.

Yosuwa: Léa? Alo? Kina nan?

Léa: Ina nan.

Yosuwa: Kuka kike?

Léa: Mi kake so in yi, guɗa? Na ji zahi, Yaya. Tun da nike ban taɓa jin zahi irin na yau ba. Ba ni shi. Shina kusa? Ba ni Baba in hwaɗa mishi abin da ya yi.

Yosuwa: Shina bakin zaure, gaban keken, shina korar awaki kada su goga henti. Amma saurara kahin in ba shi. Mutumin ga shekara huɗu bai taɓa ce miki sannu kan gudun nan ba, ko ƙarya nike?

Léa: Cewa ya yi tallar gurguntaka nike bisa hanya.

Yosuwa: To shi ne ya wuni biyu gindin Moctar cikin rana, bai ci komi ba. Shi ya zaɓi hentin da kanshi, kore da ruwan goro, ya ce tunda ƙasa za ki wakilta. Jiya da marece ya kira Pasto Yakubu da dattawan majami'a sunka yi addu'a bisa keken. Ya miƙe gaban mutane ya ce, ɗiyata Léa ce za ta tahi. Ɗiyata, ya ce. Inna har da hawaye.

Léa: Kada ka yi mini haka.

Yosuwa: Ban hana ki ba. Ni dai ban iya hwaɗa mishi ba, kwana uku ina gwadawa. Tun sahe yake tambaya ko kin kira. Ga shi nan ya taso, ya ji sunanki. Baba, Léa ce.

Baba: Alo! Alo! Léa? Ana jina?

Léa: Ina jin ka, Baba. Ina wuni?

Baba: Lahiya lau, ɗiyata. Yaya baƙunta? Suna ba ku abinci dai?

Léa: Suna ba mu.

Baba: Yayanki ya hwaɗa miki? Na so ki gani da idonki, bakinshi ne bai da ƙyaure. Ke kuwa, ki yi ta hawan abu a karkace ba ki hwaɗa mini ba? Da wata rana ya watsar da ke gaban tirela hwa? Yanzu ko rami kika hwaɗa ba abin da zai same shi. Ni da kaina na zauna ciki, Yosuwa ya tura ni har bakin rijiya. Ko motsi!

Léa: Baba...

Baba: Ni ban iya boko ba, ban san abin da ake ba mai gudu ba. Abin da na iya ke nan. Ko ban yi daidai ba?

Léa: Ka yi... Sannu da aiki, Baba. Na gode.

Baba: A'a, ba komi, ba komi. Gobe da asuba ni zan kai shi tasha, in tsaya har a ɗaure shi.

Léa: Kada ka wahala. Ku bar shi nan gida.

Baba: A bar shi?

Léa: Ina tahe gida. In na zo sai in hau ka gani.

Baba: To gudun Assabar ɗin hwa? Da mi za ki yi shi? Léa? Alo? Yosuwa, zo karɓi abin ga, ya yanke.