Wake Tamanin da Ɗaki Mai Taga

WALIDA: Salamu alaikum. Deeni? Yau kuma wace rana!

ZAHRADDEEN: Wa alaikumus salam. Yaya Walida, ina wuni?

WALIDA: Lafiya lau. Ya karatu? Ya mutanen unguwarku, Wangsa Maju?

ZAHRADDEEN: Alhamdu lillahi. Ya taku unguwar, Cheras? Ya zafi?

WALIDA: Zafi sai haƙuri. Ka yi waya da Umma kuwa? Ta ce sati biyu ba ta ji muryarka ba.

ZAHRADDEEN: Zan kira ta, wallahi. Ya jikin... ya jikin kowa da kowa?

WALIDA: Jikin wa? Wa ya ce maka ba shi da lafiya? Me ya sa kake magana kamar mai zaman makoki?

ZAHRADDEEN: Yaya, na ce wa mutanen da ke nan kiran gida ne, akwai mara lafiya. Dole in ɓata fuska. Karta muke yi, poker.

WALIDA: Inna lillahi! Caca, Deeni?

ZAHRADDEEN: Ba caca ba ce! Da wake muke yi. Waken miya, kowa ƙwaya ɗari.

WALIDA: To in wake ne ka dafa ka ci mana, mene ne na kirana ina ɗauke da kaya zan shiga jirgin ƙasa?

ZAHRADDEEN: Ki tsaya ki ji. Sabon gidan da muka kama ɗaki ɗaya ne mai taga. Ɗayan yana jikin kicin, ko iska ba ta san da shi ba. Ni da Adnan, Basudanen nan abokin zamana, wanda wakensa ya fara ƙarewa shi zai shiga can har ƙarshen zangon karatu. Wata huɗu, Yaya! Kin san ni da ƙurajen zafi.

WALIDA: Yana ina shi Adnan ɗin?

ZAHRADDEEN: Ga shi a gabana, ya zuba min ido kamar mujiya. Ba a tashi daga tebur, doka ce.

WALIDA: A gabansa kake wannan maganar?

ZAHRADDEEN: Haba, me ya sani? Larabci da Turanci kawai. Wata shida ina kiransa Mai Kan Kwakwa yana min murmushi.

WALIDA: Allah ya shirye ka. To me kake so?

ZAHRADDEEN: Ke kika karanta lissafi. Mutumin nan kowane zagaye sai ya turo wake tuli, ko yana da kati ko ba shi da shi. Tun azahar yake korata. Yanzu ya turo talatin, ni saura tamanin.

WALIDA: Me ke hannunka?

ZAHRADDEEN: Shida da bakwai, duka masu zuciya. A tebur, cikin katin da ke na kowa, akwai takwas mai zuciya, sarki mai zuciya, da baƙin biyar. Saura kati biyu a buɗe.

WALIDA: Wato yanzu ba ka da komai.

ZAHRADDEEN: Ko ƙwaya. Amma saura kaɗan in... Yaya? Hello? Yaya!

WALIDA: Ina ji, mun shiga rami ne. Tsaya. In zuciya guda ta sake fitowa ka cika biyar iri ɗaya, ko? Sauransu tara. Huɗu ko tara ta fito ka cika jeri, ƙarin shida ke nan. Kati sha biyar ne naka cikin arba'in da bakwai, kuma sau biyu za a buɗe. Ka ɗan haura rabi.

ZAHRADDEEN: Ɗan haura rabi? A kan taga?

WALIDA: Ba shi ke nan ba. Ka ce ko ba shi da komai turowa yake. To kada ka bi shi da talatin kamar maroƙi. Tura masa duka tamanin ɗin. Zai zaci ka riga ka haɗa, ya ajiye. In ma bai ajiye ba, ga katinka sha biyar. Hanya biyu ke nan.

ZAHRADDEEN: Duka, Yaya?

WALIDA: Duka! Sharaɗin ɗaya ne, kada ya gane jira kake. In ya gane, rabin dabarar ta mutu.

ZAHRADDEEN: Ina zai gane, Mai Kan Kwakwa? Bismillah. All in, lah! Na tura, Yaya. Yana kallona. Yana dariya. Me ya... yana miƙo hannu wai in ba shi wayar.

WALIDA: Wayar kuma?

ADNAN: Salamu alaikum, Yaya Walida. Muna lafiya? Ya jikin mara lafiyar?

WALIDA: La ilaha illallahu! Wane ne wannan?

ADNAN: Mai Kan Kwakwa ne. Kakata Bahausa ce, a garin Mai Wurno can ƙasarmu ta goye ni. Sai da na shekara bakwai kafin in iya Larabci.

WALIDA: Wata shida kana ji ka yi shiru?

ADNAN: Ai bai taɓa tambayata ba. Muryarki na fitowa tar daga wayar. Na gode da lissafi, Allah ya ƙara basira. Wallahi biyar biyu kawai gare ni har da ta tebur, da ban ji ba da tuni na ajiye. Yanzu kam na bi. Ga shi.

ZAHRADDEEN: Yaya... Yaya, har maganar da na yi kan miyar kukarsa ya ji.

WALIDA: Bar wannan! Har yanzu kana da sha biyar. Ku buɗe!

ZAHRADDEEN: An buɗe. Baƙin goma.

WALIDA: Saura ɗaya. Yi addu'a.

ZAHRADDEEN: A kan karta? Wace addu'ar zan yi?

WALIDA: To yi shiru! Me ya fito? Deeni? Ka yi magana mana, na kusa sauka!

ZAHRADDEEN: Baƙin biyu.

WALIDA: Ayya.

ZAHRADDEEN: Yana kwashe waken. Wai in kawo tukunya, zai yi mana wake da shinkafa. Da Hausa ya faɗa, Yaya.

WALIDA: Ni dai lissafina daidai ne. Bakinka ne ya...

ZAHRADDEEN: Yaya, ƙaramar fankar nan taki ta kan tebur, kina amfani da ita?

WALIDA: Ka fara kiran Umma tukuna.

ZAHRADDEEN: In ce mata me? Hello? Yaya?