Na ƙi juyawa gaban surukina

Sallama gare ka mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Dattijo ne ni daga Dakoro, a sakaya sunana.

Jini nake gani in na zagaya, sai aka tura ni Maraɗi a duba hanjina da siririn tiyo mai kamara. Na kwana ina shan maganin wankin ciki. Ina kwantawa, ashe mai taimakon lokotoro, wato likita, mijin ɗiyata ne, yaron da ko abinci ba na ci gabansa!

Lokotoro ya ce, “Baba, kwanta ta hagu, ka naɗe gwiwoyi.” Na kwanta haka, na sandare kamar icce. Da tiyon ya kai kwanar hanji ya ce, “Bari a juya ka rigingine, sai da haka zai wuce.” Surukina ya miƙo hannu, na riƙe ƙarfen gado na ƙi. Dole aka tsaya, ba a ga rabin hanjin ba.

A gida na ce lafiya lau. Surukina bai tona ni ba, jinin kuma bai tsaya ba.

Jama'a, ku ba ni shawara: da wane ido zan koma? Kunya ta rufe mini jiki, ta rufe wa cuta ita ma.