Akwatin da Ke Jiran Sabis

A tashar Kalgo muna jiran motar Gwandu ta cika, abin da ba ta taɓa gaggawar yi, sai wani mutum ya yi wa matar da ke gefensa tana ta latsa waya magana.

"Malama, wayar nan za ta ƙone."

"Darussa nake saukewa. Makarantarmu can bayan Malisa babu sabis. Shekara biyu ke nan duk Asabar sai na zo. Ga jarrabawar yara saura sati uku."

"Ba a kawo muku wani farin akwati mai sola ba? Ni na raba su."

"An kawo. Yana kulle a kabad, ko ledarsa ba mu cire ba. Muna jiran sabis ya iso garin."

Mutumin ya cire hularsa.

"Malama, littattafan da darussan duk suna cikinsa. Ba ya buƙatar sabis. Shi ya sa aka kai muku."

"Inna lillahi. Ba wanda ya gaya mana."

"Takardar bayani tana cikin ledar. Wane marar tunani ne ke riƙe da makullin?"

Ta daɗe tana kallon jakarta.

"Ni ce."