Jakin da ke Kaset ɗin Kawu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Sabi'u, ina aiki a wani shagon magani a unguwar Aziziyya, nan Jidda.

Kawuna Malam Ilu ne ya sayar da shanunsa ya ranta mini kuɗin karatu, a kan in na kama aiki zan biya. Ƙauyenmu babu waya, don haka duk bayan aikin Hajji nake damƙa abin da na tara a hannun Alhaji Buba, maƙwabcinsa mai rakiyar alhazai. In shekara ta zagayo sai ya kawo mini kaset da muryar Kawu yana sa mini albarka, yana cewa, "Saura kaɗan, ɗana." Saboda wannan saura kaɗan ɗin har yau ban yi aure ba, iƙama ma, wato takardar izinin zama, da ƙyar nake sabuntawa.

Da na saurari kaset ɗin bana, na ji Kawu ya yi tari a tsakiyar gaisuwa, jaki ya yi kuka a bayansa. Sai na ɗauko na bara na kunna. Tarin nan ne, jakin nan ne, kuma a wuri ɗaya. Na tuntuɓi Alhaji Buba, ya ce, "Halas, bar zancen, yaro, tsufa ne, magana ɗaya yake maimaitawa." Na ce, "Alhaji, har jakin ma?" Sai ya miƙe wai zai yi alwala.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Wanda kuma yake kusa da Matamai, don Allah ya nemi gidan Malam Ilu mai shanu ya gano mini: bashi ne ya rage a kaina, ko kuwa ta'aziyya?