Ƙwayar Cuta ta Sake Shaida, Na Yi wa Matata Hassada

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Ceto. Ni ne Iliya, dillalin bisashe a kasuwar Dakoro.

Ranar da aka auna jininmu, ni da matata Saratu, aka sami ƙwayar Sida a jikinmu duka biyu. Amma ni ne na rame, wando yana zame mini. Ita kuwa tana daka, tana ɗibar ruwa, fuska sumul.

Zan faɗa muku gaskiya: hassada na yi mata. In ta yi dariya da maƙwabta, sai raina ya ɓaci. Cuta guda, gida guda, don me ni kaɗai take ci? Na daina cin tuwonta. Har na ce mata, "Akwai maganin da kike sha a ɓoye."

Ta ce, "Maigida, da ina da shi, kai zan fara ba."

Na je gidan likita na faɗa wa majo, babban ma'aikacin jinya, a yi mini adalci. Ya yi dariya, ya ce, "Kai da ke dillanci, in ɓarawo ya sato raƙumi daga Azagor, mi yaka fara yi?"

Na ce ya sake mishi shaida, don kada mai shi ya gane.

Ya ce haka ƙwayar take. Masu tsaron jiki suna gane ta da shaidarta, ita kuma tana ta hayayyafa tana sake shaida. Masu tsaron jikin Saratu sun riƙe ta inda sakewar ke yi mata wuya, nawa kuwa ta ɓace musu. Ba wayon Saratu ba ne, kuma ita ma dole ta sha magani kullum.

Na dawo gida na iske ta a durƙushe. Sunana take kira, tana cewa, "Ubangiji, ka rage tawa lafiyar ka ƙara mishi."

Lafiyar da nake yi wa hassada ke nan! Na durƙusa gefenta na yi kuka, na roƙi gafarar Allah da tata.

Yau tare muke shan magani, ga jikina ya dawo. Na gode wa Yesu. Ku dogara gare shi, ku sha maganinku. Ƙwaya tana sake shaida, amma Makiyayi bai taɓa kasa gane tumakinsa ba. Amin.