Bencin da Aka Ba Mama Ajiya

Na fake wa ruwa a rumfar wani kafinta, sai ga wata dattijuwa ta shigo a jiƙe, ko zama ba ta yi ba.

"Sannu da aiki, ɗana. Kana iya yin sabon benci ya fito kamar tsoho?"

"Mama, ni tsoho ake kawo mini in mayar sabo. Lafiya dai?"

"Ina fa lafiya! Cocinmu ne, ginin kakanni. Da aka yaye rufinsa za a gyara, aka ba kowane gida benci guda ya ajiye, kada ruwa ya lalata. Yanzu an gama, fasto ya ce ranar Lahadi kowa ya dawo da nasa."

"To, ki mayar mana."

"Da wane ido? Maigidana ya kwanta ciwo, hawa gado ya gagare shi. Na sa aka datse ƙafafun bencin, a kai yake kwana."

"Ai da sauƙi. Kawo shi in sa masa wasu ƙafafun."

"Shi kuma ya kwanta ina? Cewa yake itacen na yi masa ƙamshin coci. Ya daɗe bai taka ƙofar cocin ba." Ta rage murya. "Mahaifina ne ya sassaƙa bencin, duk ikilisiya ta san shi."

Kafinta ya ajiye zarto.

"In sun san shi, Mama, ko toka na shafa wa nawa za su gane."

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"To, bar shi da sabuntarsa. Amma ka yi shi da ƙarfi, don a kansa zan zauna in faɗi gaskiya in aka tambaye ni."